Yadda Ake Fara Harkar Fili da Gidan Haya a Katsina Ba Tare da Uwar Kuɗi Ta Salwanta Ba

Duk wanda ya ɗan tara kuɗi a garin nan, ma'aikaci ne da ya karɓi giratuti, ko ɗan kasuwa ne da ciniki ya yi wa kyau, ko mace ce da aka miƙa wa gadonta, shawarar farko da zai ji ita ce: "Sayi fili, ƙasa ba ta ruɓewa." Haka ne, ba ta ruɓewa. Amma na ga kuɗin mutane sun narke a kotu, na ga sun nutse a ruwan Agusta, na ga sun maƙale a kangon da ya kai linta ya tsaya shekara bakwai. A kusan duk waɗannan, asarar ta auku tun kafin a ɗora bulo na farko. Shi ya sa mafi yawan abin da zan faɗa a nan ya shafi abin da ake yi kafin a kira magini.

Mataki na farko: san wanda zai shiga gidan

Kafin ka kira dillali, zauna ka amsa wa kanka tambaya ɗaya: wa zan ba haya? Amsar ita ce za ta zaɓa maka unguwa, ta zaɓa maka irin ginin.

Idan ɗalibai kake nufi, hanyar Dutsinma ce wurinka, inda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa take, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya wajen Batagarawa. Ɗalibi ɗaki ɗaya yake so mai banɗaki a ciki, da ruwa, da wurin da zai samu abin hawa da safe. Kuɗin ɗakunan ɗalibai idan an haɗa su sukan fi na gidan iyali, amma gyara ya fi yawa, kuma hayarsu tana tafiya da kalandar makaranta. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 wata 8 ya ɗauka, ka sa irin wannan a lissafinka. A Daura ma zuwan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ya kawo irin wannan buƙata.

Idan ma'aikata ne, malaman asibiti da na banki da na sakatariya, su kwalta suke dubawa da tsaro da wurin ajiye mota. Idan kuwa sababbin ma'aurata ne, kuma su ne suka fi yawa a masu neman haya a garin nan, ciki da falo suke nema mai kicin da banɗaki nasu na kansu, da ɗan tsakar gida inda amarya za ta yi shanya ba tare da idon maƙwabta ba. Wanda ya gina gida ɗakuna a jere da banɗaki ɗaya na haɗaka ya gina wa kansa shari'ar matan gida ta kullum.

Kuɗin da za ka sa kuma su zama kuɗin da za ka iya mantawa da su na wasu shekaru. Kada ka zare jarin shagonka, kada ka ci bashi mai ruwa.

Mataki na biyu: ga filin da ƙafarka, kuma da damina

Da rani kowane fili kyakkyawa ne. A watan Maris ko Afrilu dillali zai tsaya da kai a kan busasshiyar ƙasa, ya nuna maka yadda gari yake tahowa, ka ji kamar ka biya nan take. Ka daure ka dawo a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi.

Ni filina na farko da rani na saye shi a bayan gari. Ƙasa shimfiɗe, farashi da sauƙi. Da damina ta kankama na je na tarar da ruwa ya kwanta a rabinsa har gwiwa, kwaɗi suna ta kuka a inda na yi niyyar sa falo. Wani dattijo da ke noma kusa da wurin ya ce mini, "Ai Malam, nan tsohon ramin da ake haƙar ƙasar gini ne, shara aka cike shi da ita." Tifa nawa ta jar ƙasa na zuba, da harsashin da dole aka zurfafa, sun kusa cin kuɗin wani filin. Da na tambayi wannan dattijon tun farko, gaisuwa kawai zai ci mini.

Saboda haka ka tambayi manoman wurin da tsofaffin maƙwabta: ina ruwa yake bi? Akwai kududdufi a nan da? Dubi bangon gidajen kusa, layin da ruwa ya bari a jikin bulo ba ya ƙarya. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka da dama ta rushe gidaje, ta isa ta tuna mana cewa ruwa yana komawa hanyarsa komai daɗewa. Ka guji filin da ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da wanda ya matse bakin babbar hanya, da wanda ya hau magudanar ruwa. Irin waɗannan ne ake wayar gari a ga jan fenti a bangonsu. Ka kuma tambayi masu rijiyar burtsatse a unguwar zurfin da suka yi kafin su samu ruwa, don akwai wuraren da dutse yake kusa.

Mataki na uku: takardu

Nan ne zan daɗe, don nan ne ake yanka mutane.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake saye a gaskiya haƙƙin zama da amfani ne. A cikin birni gwamna ne yake bayar da shi, shaidarsa ita ce takardar da aka fi sani da C of O, yawanci ta shekara 99 ga gidan zama. A karkara ƙaramar hukuma tana bayar da takardar mallaka ta gargajiya. Sashe na 22 na dokar ya ce wanda yake riƙe da takardar gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Wato idan ka sayi gida mai C of O aka miƙo maka takardar da sunan mai shi na da, ka kai ta gida ka sa ƙarƙashin katifa, aikin bai ƙare ba. A idon hukuma gidan yana nan da sunan wancan.

Filayen da za a kawo maka iri biyu ne. Akwai awon gwamnati, wanda hukuma ta yanka ta fitar da hanyoyi, kowane fegi da lambarsa. Akwai kuma awon igiya, gona ce mai ita ya yanka da kansa yana sayarwa, shaidarta takardar mai unguwa ko dagaci. Awon igiya ya fi araha, kuma unguwanni da yawa na garin nan haka suka fara, ban ce kada ka saya ba. Amma ka san abin da ka saya. Lungu zai iya zama ƙafa goma wanda tifa ba za ta shiga ba, kuma wata rana shirin gwamnati zai iya biyowa ta kansa. Idan gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka yi a kan ƙasar ce, gini ko shuka. Mai riƙe da fili fayau yana jiran ya yi tsada ya riƙe wannan a ransa.

Ga abin da za ka yi, bi da bi. Karɓi kwafin duk takardun da mai sayarwa yake da su. Kai su ma'aikatar ƙasa ta jiha, ko ofishin KATGIS, hukumar da ke ajiye taswira da bayanan filayen jiha, ka biya kuɗin bincike a duba fayil: sunan wa ke ciki, an jinginar da wurin a banki, an soke takardar, ko akwai wata ƙara a kai? Ka je da kanka ko ka tura lauyanka. Kada ka aiki dillalin da yake jiran la'ada ya binciko maka. Idan gidan tsoho ne kada ka yi mamakin ganin sunan Jihar Kaduna a takardar, don sai a watan Satumba na 1987 aka ƙirƙiri Jihar Katsina. Sai dai a tabbatar fayil ɗin yana nan.

Bayan haka ka ɗauki ma'aikacin safiyo mai rajista ya je ya auna. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana kusan murabba'in mita 465. Sau da yawa ana faɗin hamsin da ɗari a baki, idan aka ja tef a samu arba'in da biyar da casa'in. A kira maƙwabtan iyaka huɗu su tsaya a ga kowane turke a gabansu. Sannan ka je wurin mai unguwa, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Ranka ya daɗe, wuri kaza aka kawo mini, na ce ba zan sa kuɗi ba sai na ji daga bakinka." Shi ya san filin da aka sayar sau biyu, ya san wanda ake rigima a kai.

Gidan gado kuwa, a taka a hankali. Babban wa zai zo ya ce shi ne wakilin magada, kowa ya yarda. Kada ka karɓi wannan a baki. Nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ka ga sunan kowane magaji, mata da maza, har da wadda take aure a Kano ko Maraɗi, kowa ya sa hannu ko ya ba da wakilci a rubuce. Idan akwai marayu ƙanana, sai da izinin alƙali. Akwai kuma hukuncin shuf'a a fiƙihun Malikiyya: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin su biya abin da ka biya su karɓe. Na san wanda ya yi wa irin wannan gida gyara tsaf, ya sa tayil da silin, sannan wata ƙanwa da ba a shawarta ba ta kai ƙara. Gaskiya tana wajenta, kuma kotu ta ba ta.

Mataki na huɗu: ciniki da biya

A yanke maganar la'ada tun kafin a fara taya: nawa ce, wa zai biya, dillalai nawa ne a ciki. An saba jin kashi 5 cikin 100 a saye da sayarwa, kashi 10 a haya, amma abin da kuka daidaita a kai shi ne. Ka nemi zama da mai wurin ido da ido, don wani lokaci kuɗin da dillali ya faɗa maka ba shi ne mai wurin ya sa ba.

Idan za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta nawa ne, yaushe za a cika, me zai faru idan wani ya fasa. Biya ta banki zuwa asusun mai wurin da sunansa, kada ka ɗauki kuɗi a jaka. Lauya ya rubuta takardar ciniki, shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu, a biya harajin hatimi, a nemi amincewar gwamna, a yi rajista da sunanka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka kada kunya ta hana ka neman rubutu ko daga ɗan'uwanka ne.

Ranar da ka biya, a satin nan ka kewaye wurin, ko da bulo layi uku ne a kusurwoyi. Filin da aka bari ba alama shi ne ake sayar wa mutum na biyu.

Mataki na biyar: lissafi, sannan gini

Ɗauki biro. A matsayin misali kawai, a ce fili da gini sun ci maka naira miliyan 30, ka fitar da ciki da falo guda 4, kowanne naira 400,000 a shekara. Ka tara miliyan 1.6. Cire kamar 300,000 na gyara da watannin da wani sashe zai zauna ba kowa, saura miliyan 1.3. Kafin kuɗinka su dawo daga haya kaɗai sai an yi kusan shekara 23. Ribar gidan haya mafi yawa tana cikin darajar wurin da take hawa, haya kuwa ita ce take riƙe gidan tana ba ka na cefane. Wanda ya san haka tun farko ba zai matsa wa 'yan haya da ƙari duk shekara ba don ya huce haushin lissafin da bai yi ba. Idan filin yana bakin hanya, fitar da shago biyu ko uku a gaba, sukan taimaka ƙwarai.

Kai zanen ginin hukumar tsara birane ta jiha a amince kafin ka haƙa harsashi. Kuɗin izini ƙanana ne idan aka gwada da rusau.

Kada ka fara sashe huɗu gaba ɗaya idan kuɗin biyu gare ka. Gama biyu tsaf, sa mutane, hayarsu ta taimaka wa sauran. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kuma kangaye da yawa da kake gani a bayan gari a lokacin suka tsaya. Sayi siminti da rodi da kwano da kanka, ka biya magini kuɗin aikinsa mataki mataki: harsashi, linta, rufi, filasta. Ka riƙa zuwa wurin ba tare da sanarwa ba, ka ƙirga buhunan da aka buɗe. Bulo kuma ka gwada shi, ɗaga ɗaya zuwa ƙirji ka sake shi, idan ya watse kamar gari ka canja gidan bulo.

Wurare uku ne ba a yi musu rowa. Na farko ruwa: ruwan famfo daga madatsar Ajiwa ba ya kai wa kowace unguwa kullum, kuma gidan da ya dogara da 'yan ga-ruwa kaɗai ba ya riƙe ɗan haya nagari. Rijiyar burtsatse da tanki, in da hali da sola, suna biyan kansu. Na biyu sokawe: a yi shi da zurfi da faɗi, nesa da rijiya, a inda motar kwasa za ta iya kaiwa. Na uku wuta: nemi mita mai kati daga KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, ga kowane sashe. Mita ɗaya ta haɗaka ita ce uwar faɗan gidan haya, wannan ya ce wancan yana da firiza, wancan ya ce wannan yana guga, a ƙarshe bashin ya taru a kan gidanka. Fentin ado da fitilu masu tsada kuwa, bar su.

Mataki na shida: zaɓen ɗan haya

Gara sashe ya yi wata biyu a rufe da ka sa mutumin da ba ka sani ba don ya zo da kuɗi a hannu. Tambayi sana'arsa, inda ya taso, dalilin tashinsa, yawan iyalinsa. Nemi wanda zai tsaya masa, mutum sananne mai adireshi. Karɓi kwafin katin shaidarsa na ƙasa, kuma ka kai shi wurin mai unguwa a san da zuwansa. A halin tsaron da muke ciki wannan kariya ce gare ka da maƙwabta.

A nan ina da roƙo. Shekarun nan mutane da yawa sun baro garuruwansu ta wajen Batsari da Safana da Jibiya saboda 'yan bindiga, sun shigo birni suna neman inda za su sa kai. Bincike wajibi ne a kan kowa, amma wanda ka tabbatar da mutuncinsa kada ka tsauwala masa don ka ga ba shi da zaɓi. Wasunsu masu gida ne da gona jiya.

Yarjejeniya a rubuce, da Hausa idan ita ya fi ji, kowa ya riƙe kwafi. A sa kuɗin haya, ranar farawa da ta ƙarewa, wa zai yi wane gyara, ba a sa wani a ɗakin ba da izini ba, ba a fasa bango ba da izini ba, da wa'adin sanarwa idan za a rabu. Ranar miƙa makulli ku zaga tare ku ɗauki hoton kowane ɗaki, famfo da ƙofa da tagogi. Duk kuɗin da ka karɓa ka ba da rasit.

Mataki na bakwai: zama da su

Rufi, sokawe, rijiya da tsagewar bango naka ne. Ƙwan fitila, kan famfo da abin da yaransa suka fasa nasa ne. Idan aka kira ka kan yoyo, je a satin. Kwano ɗaya da aka ƙi canjawa a watan Yuni shi ne yake jawo canjin silin gaba ɗaya a Satumba. Ware hayar wata ɗaya daga ta shekara ka ajiye don irin wannan, kuma kowace shekara kafin ruwan farko ka sa a hau rufi a duba, a yashe kwata.

Gidan da ka ba haya gidansa ne har wa'adi ya cika. Ba ka shiga sai da sallama da izini, balle gidan matan aure. Idan za ka ƙara kuɗi, faɗa masa da watanni kafin hayarsa ta ƙare, ka duba abin da ake biya a unguwar. Ɗan hayan da yake biya kan lokaci yana kula da gida, ragin da ka yi masa ya fi maka arha a kan fenti da la'adar neman sabo.

Idan biya ya gagara, fara da zama. "Malam, me ya faru? Yaushe kake ganin za ka iya?" A rubuta sabon alƙawari, a kira wanda ya tsaya masa, in ta kama a je gaban mai unguwa. Mafi yawan rigingimu a nan suke mutuwa. Idan ba su mutu ba, sai hanyar doka. Ƙa'idar da aka sani a Najeriya, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai hayar shekara ana ba shi sanarwar wata 6, mai hayar wata-wata sanarwar wata 1, bayan ta cika a ba shi ta kwana 7 cewa za a nemi kotu ta karɓi gidan. Lauya ya rubuta maka, don kuskuren kwanan wata kaɗai yana iya mayar da kai farko. Kada ka cire ƙofa, kada ka yaye kwano, kada ka yanke ruwa ko ka watso kaya waje. Ranar da ka yi haka, kai da kake bin bashi ka koma wanda ake ƙara.

Ka buɗe littafi guda na gidan, ko a waya ne, kowane sashe da shafinsa: abin da ya shigo, abin da ya fita, ranar da hayar kowa take cika. Shi zai nuna maka ko gidan yana ciyar da kansa, kuma shi za ka buɗe lokacin zakka. A mazhabar Malikiyya gidan da aka gina don haya ba a fitar wa ginin kansa zakka, kuɗin hayar ne idan sun kai nisabi suka shekara a hannunka ake fitar da ɗaya bisa arba'in. Filin da ka saya kana jiran ya yi tsada kuwa, ranar da ka sayar za ka fitar da zakkar shekara ɗaya daga kuɗin. Kai littafin wurin malaminka ku yi lissafin tare, kuma ka nuna wa matarka ko babban ɗanka inda littafin da takardun gidan suke ajiye.